Zoɓonmu Na Cin Kasuwa a Meziko, Mu Muna Ɓoye Shi a Bayan Gida



Asabar ɗin da ta wuce wasunmu sun halarci walimar ɗaurin aure a wata unguwa cikin birnin Kano. An ci an sha, Allah ya ba ma'auratan zaman lafiya. Amma akwai abin da ya faru a soron gidan da ya tsaya mana a rai. Gwaggon amarya, dattijuwa mai rufin asiri, ta kwana tana haɗa zoɓo. Ta wanke shi, ta tafasa da citta da kanumfari da ɓawon abarba, ta tace, ta cika manyan kuloli biyu, ta sayi ƙanƙara da kuɗinta. Da za a fara rabo sai ɗaya daga cikin yayyen amarya ya tare ta ya ce, "Haba Gwaggo, dangin ango fa manyan mutane ne. Ki bari a ba yara da almajirai ta baya." Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "To ɗana, yadda ka gani." Aka ja kulolin zuwa bayan gida. A gaban baƙi aka jera katan-katan na lemon roba, wanda mun sani, shi ma ya sani, rabinsa bashi aka ɗauko a kanti.

Ba mu kawo wannan labari don mu ci mutuncin saurayin nan ba. Da a gidan wani daga cikinmu ake bikin, abin da za mu yi ke nan. Dukkanmu an raine mu da wani ma'auni da ba a rubuta a ko'ina ba: abin da ya fito daga masana'anta a rufe shi ne na baƙo, abin da ya fito daga tukunyar gida na yara ne da marasa galihu. Muna yawan zama muna kukan kasuwa, dala ta tashi, mai ya yi tsada, gwamnati ba ta kula da manomi. Duk gaskiya ne. Amma a harkar abin sha akwai wani hannu da ke rubuta farashi wanda ba ma son ambatonsa, wato kunyar da muke ji ta abin da ƙasarmu ke fitarwa. Wannan kunya kuɗi take ci mana, kuma a yau muna so mu bi sawun kuɗin mu ga inda suke tafiya.

Mu fara da zoɓon da aka kore daga soro. Duk wanda ya san arewacin Jigawa, wajen Gumel da Maigatari da Sule Tankarkar, ya san yadda zoɓo ya zama amfanin gona na neman kuɗi. Shuka ce mai haƙuri da ƙarancin ruwa da ƙasar jigawa, wadda iyayenmu ke sa wa a kan iyakar gona. Ganyenta shi ne yakuwar da muke miya da ita, 'ya'yanta gurguzu ake yin daddawar batso da su, jan ɓawon kuma shi ne zoɓo. Bayan kaka dillalai na bi kasuwannin ƙauye suna tara shi, wani ma ta kan iyaka yake shigowa daga wajen Damagaram. Daga nan sai manyan rumbuna na Dawanau da sauran sassan Kano, inda za ka tarar da mata sun zauna layi-layi suna tsince tsakuwa da kara, ja ya rine musu hannu. A danna a buhu, a cika kwantena, tirela ta ja zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas. Mafi yawan abin da ke fita Meziko yake nufa.

Me 'yan Meziko ke yi da shi? Abin da Gwaggo ta yi. Su tafasa, su tace, su sa sukari da ƙanƙara. Suna kiransa agua de jamaica, kuma babu gidan abincin da ke jin nauyin ajiye shi a babbar kwalba a kan kanta. Mai kuɗi na sha, talaka na sha, baƙon da ya zo yawon buɗe ido ana miƙa masa da alfahari. Ba sai mun tsallaka teku ba ma. A Masar da Sudan karkade suke ce masa, ana shan shi da zafi ana shan shi da sanyi, kuma da shi ake taya amarya da ango murna. A Sanagal sunansa bisab, ana ɗaukarsa abin shan ƙasa. A Gana sobolo ne. Mu da muke noma shi muna loda wa duniya, mu ne muka yanke masa hukuncin zaman bayan gida.

Labarin aya ya fi wannan ciwo. Jihar Maraɗi a Nijar na cikin manyan wuraren noman aya a Afirka ta Yamma, mu ma muna nomanta a sassan Arewa. A ƙasar Sifaniya akwai yankin Balensiya, inda abin shan da suke tinƙaho da shi sunansa horchata. Idan aka miƙa wa Bahaushe kofi ɗaya ya kurɓa zai yi dariya, domin kunun aya ne: a jiƙa aya, a markaɗa, a tace, a sa sukari, a sanyaya. Suna da shaguna na musamman da ba abin da suke sayarwa sai shi, wasu sun gaji kakanni. Ayar da suke nomawa ba ta isarsu, don haka suna sayowa daga Nijar da Mali da Burkina Faso. Duk da haka sun kafa hukumar da ke buga tambari a kan ayar da aka noma a Balensiya, don mai saye ya bambanta ta da wadda aka shigo da ita, ya biya ta da daraja. Sun ɗauki abin da muke tauna wa a bakin titi muna tofar da tuƙa, sun yi masa suna da tambari da doka.

Wani zai ce to mene ne laifi, ai fitar da kaya waje alheri ne, dala ce ke shigowa. Ba mu ce laifi ba ne. Manoma da dama sun yi rufin kwano, sun aurar da 'ya'ya, sun sauke farali da kuɗin zoɓo. Amma manomin da duk kasuwarsa ta rataya a kan mai saye ɗaya da ke bayan teku yana tafiya ne a kan siraɗi. Mun ga misali. Akwai lokacin da Meziko ta dakatar da karɓar zoɓon Najeriya saboda wani ƙwaro da aka gano a cikin kaya, aka ɗauki shekaru ana kai-kawo kafin a sake buɗe ƙofa. A irin wannan lokaci wa zai sayi abin da ke jibge a rumbu? Da a ce kowane biki da suna da walima da taron siyasa a Kano da Kaduna da Katsina da Sakkwato zoɓo ake sha, da manomin Maigatari na da kasuwa ta biyu a ƙofar gidansa, kuma dillali bai isa ya yanka masa farashin da ya ga dama ba. Hausawa suka ce gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa. Mu mun kai wa dawa, gida kuma mun hana shi da gangan.

Ga masu ganin al'ada ba ta isa ta juya kasuwa ba, mu tuna musu da goro. Goro ba ya fita a ƙasar Hausa. Amma tun da kakanninmu suka yarda cewa ba a neman aure, ba a ɗaura shi, ba a raɗa suna, ba a gaida babba sai da goro, sai ga ayari-ayari na fatake suna tashi daga Kano da Katsina, madugu na gaba, jakuna na biye, ana watanni a hanya har Gwanja, har kasuwar Salaga a Gana ta yau. Su kai kanwa da rinannun tufafi da kayan fata, su dawo da huhunan goro suna yayyafa masa ruwa kada ya bushe. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari da wannan fatauci suka yi suna. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955 yana cikin mafiya arzikin Afirka ta Yamma, da goro ya fara kafin gyaɗa. Daga baya manoman ƙasar Yarbawa suka duƙufa dashen goron da bakinmu ke so, unguwannin Sabo suka cika a Shagamu da Ibadan, har yau kasuwar goro ta Mariri na ci. Duk wannan dukiya an gina ta ne a kan abu ɗaya: mun yanke cewa goro shi ne girmamawa. Abin da al'umma ta sa a faranti ta miƙa wa baƙo, shi 'yan kasuwa za su bi ko da a bangon duniya yake.

Abin dariya, shahararren lemon duniya ma daga goro ya samo rabin sunansa. Lokacin da aka ƙirƙiro Coca-Cola a birnin Atlanta na Amurka a 1886, da sinadarin goro a cikin haɗin, kuma kalmar kola sunan goro ce a bakin Turawa. A 1951 aka kafa kamfanin da ke ɗura shi a kwalba a Najeriya, daga baya masana'antu suka bazu har Challawa a Kano, wasu kamfanoni suka biyo baya. Ba mu ga laifin ɗan kasuwa don ya iya tallar hajarsa ba. Sun yi aikinsu: allunan talla, rediyo, talabijin, ƙwallon ƙafa, mota mai kai kaya har ƙauyen da babu asibiti. Sauran aikin mu muka ƙarasa musu. Mu muka shigar da lemo cikin tukuicin lefe. Mu muka mayar da shi kayan dubiya, har mai ciwon suga ana kai masa katan. Mu muka fara ƙirga kiret nawa aka sauke a gidan wane don mu san nauyin aljihunsa. A cikin shekarun da ba su wuce rayuwar mutum ɗaya ba, mun ɗauki kujerar da goro da fura da kunu ke zaune a kai mun ba wa ruwan sukari mai gas.

Mu yi ɗan lissafi. Mu ƙaddara biki mai mutum 300, kowa ya sha roba biyu tsakanin kamu da yini. Roba 600 ke nan, katan 50 idan kowane katan na da 12. Kowa a nan ya san abin da katan ke kai wa a kasuwar Singa a yau, sai ya ninka da kansa. Yanzu mu bi kuɗin. Mai kanti ya ɗauki ɗan abin da ya samu, dila ya ɗauki nasa, sauran sun wuce masana'anta. Sukarin da ke ciki, mafi yawan ɗanyensa daga Burazil ake shigo da shi a tace a Legas. Manyan kamfanonin waje kuma su ke sayar wa masu ɗurawa sinadarin ɗanɗano, su ke da sunan, ribar sunan tasu ce. Sai mu ɗauki kuɗin nan mu ce zoɓo da kunun aya za a yi. Manomin Gumel ya samu, na Maraɗi ya samu. Mai citta daga Kaciya ya samu. Mai dabino da mai kwakwa da mai kanumfari a kasuwar Rimi sun samu. Mai injin markaɗe a bakin layi, mai ƙanƙara, mai kurar ruwa, ɗan sahun da zai kai kaya, duk sun samu. Uwa uba matar auren da ke cikin gida, wadda wannan sana'a ce ke biya mata kuɗin makarantar yara da zubin adashi. Kuɗin sukari dai zai fita daga hannunmu. Amma kaso mai yawa na kuɗin zai yi ta zagaye a unguwa.

Mun san amsoshin da za a ba mu, kuma ba za mu kauce musu ba. Ta farko, za a ce lemon nan a Kano ake yin wani, 'ya'yanmu ke aiki a Challawa da Sharaɗa, akwai ma kamfanoni na 'yan ƙasa. Haka ne, kuma ba mu nemi a rufe ko ɗaya ba. Allah ya ƙara musu kasuwa. Tambayarmu ita ce: a garin da zoɓon da duniya ke saye yake kwana kafin ya wuce teku, me ya sa masu kuɗinmu suka fi ganin riba a kwaikwayon ɗanɗanon Atlanta a kan ɗura zoɓo a kwali? Ba wauta ce ta hana su ba. Sun san mu ne. Sun san idan suka zuba jari a zoɓo, ranar biki za mu ce a kai bayan gida. Mai jari inda bakin jama'a ya karkata yake bi.

Amsa ta biyu ta fi nauyi, ita ce tsafta. A nan dole mu faɗa wa kanmu gaskiya ko da ɗaci. Da yawan zoɓo da kunun ayar da ake talla a titi a robobin da aka tsinto ake ɗura su. Yara na bi wuraren biki da tashoshin mota da bola, har harabar asibitoci, suna tara robobi, a ɗauraye sama-sama a zuba abin sha. Ruwan da aka yi haɗin da shi ba a san daga inda ya fito ba, ƙanƙarar ma haka. Wata mai sana'ar don zoɓo ya yi auki sai ta tsinka shi da ruwa ta ƙara kala da filebo da zaƙin da ba sukari ba. Wanda ya taɓa kwana yana zarya bayan shan kunun aya da ya fara tsami, ba za ka ga laifinsa ba idan ya ce shi dai a ba shi abin da ya ji ƙarar buɗe murfinsa. Idan muka rufe ido a kan wannan, mun zama masu kare ƙazanta da sunan kishin gida. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Amma ruwa ba ya tsami banza. Mu tambayi abin da ya sa sana'ar ta tsaya a haka. Abu na farko wuta. Kunun aya ba ya yini a zafin Kano ba tare da sanyi ba, zoɓo ya fi shi haƙuri kaɗan amma shi ma ba ya daɗewa. Lemon kamfani kuwa zai yi watanni a kan kanta ko a rana. Mutanen Balensiya ma sun san wannan matsala, shi ya sa wanda za a kai manyan kantuna suke gasa shi da zafi mai ƙarfi na ɗan lokaci su rufe a kwali, kamar yadda ake yi wa madara. Mai kunun unguwarmu ba ta da wannan inji, firizarta ma ta zama akwatin ajiye kwanuka saboda rashin wuta. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, tada janareto don sanyaya kunu ya zama asara. Kamfani na iya ba mai shago firij mai tambarinsa ya ce kada a sa kayan kowa sai nasa. Wa zai ba Gwaggo firij? Ana gasa ne tsakanin mai tirela da mai faranti a ka, sannan mu tsaya gefe muna cewa kasuwa ce ta zaɓa.

Abu na biyu mu ne. Mutum zai shiga kanti a faɗa masa kuɗin lemo, ya zaro ya biya ko tari bai yi ba. An ƙara kuɗi sau nawa a 'yan shekarun nan, wa ya taɓa taya lemo? Amma yarinya ta zo da kunun aya, an ƙara mata kuɗin aya da dabino da markaɗe da sukari, ta ce an ɗan ƙara, sai ka ji ana "kunun ma?" A taya, a nemi gyara, a sha a ce a dawo gobe a karɓi kuɗi. Sabuwar roba mai murfi a rufe ana sayar da ita a kasuwa, ruwa mai kyau ana sayar da shi, amma duk kuɗi ne. Macen da muka hana ta ƙara ko sisi, daga ina za ta fitar da kuɗin sabuwar roba? Mu muka matse farashi har ya zama ba ta da mafita sai robar bola, sannan muka juyo muna toshe hanci. Ƙazantar da muke kafa hujja da ita, da hannunmu a ciki.

Amsa ta uku ta masu cewa ai duk sukari ne, zoɓon ma ba magani ba ne. Suna da gaskiya idan aka yi shi yadda wasu ke yi, kamar za a ɗiga a kan alkaki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samu a rana, wato kimanin giram 50 ga babban mutum, wajen cokalin shayi 12. Lemon kola irin na asali na ɗauke da kimanin giram 10 a kowane mililita 100, ke nan roba ɗaya mai rabin lita ta cinye kason yini guda. Har gwamnati ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan lemuka a Dokar Kuɗi ta 2021. Bambancin shi ne, zoɓon gida cokali na hannunmu. Za mu iya ragewa, mu sa dabino ko abarba, mu ware wa dattawa da masu suga nasu babu zaƙi. Abin da aka rufe a masana'anta sai dai ka sha yadda ya zo.

Kada wani ya ce bakinmu ya riga ya canza, ba ya komawa. Kowace shekara muna ƙaryata wannan magana da kanmu. Da an ga watan azumi, attajiri da malami da ma'aikacin banki duk kunun tsamiya da kunun gyaɗa da zoɓo da kunun aya suke nema a buɗe baki. Aya da tsamiya da gero su yi daraja, masu ƙanƙara su yi ciniki, matan unguwa su samu jarin da za su yi wa yara kayan Sallah. Wata guda cur babu mai jin kunyar kunu. Ranar Sallah da safe sai kunyar ta dawo, a aika yaro ya sayo katan saboda baƙi. Ashe ba harshe ne ya ƙi ba, ido ne, idon mutane.

Dubi fura kuma. Shekarun baya, ɗan boko ba ya yarda a gan shi tsugune gaban ƙwaryar fura. Da aka samu masu dabara suka dama ta da injin markaɗe na lantarki, suka haɗa da yogot, suka zuba a roba mai tsafta a shago mai firij, sai ga manyan motoci na layi a Kano da Kaduna da Abuja. Ko da yake a nan ma akwai abin dubawa, domin yawancin yogot ɗin da madarar gari ta waje ake yin sa, alhali Fulani na yawo da nono a ka. Dubi kilishi. Babu gwamna ko ministan da ke jin kunyar ba da shi tsaraba, don haka mahauta suka inganta naɗi da kwali, farashinsa ya kai inda ya kai, ba mai tayawa. Duk abin da muka girmama, kasuwa ta girmama shi, masu yin sa suka samu abin gyara shi.

Saboda haka ga abin da muke nema, kuma da kanmu za mu fara. Duk wanda zai yi biki ko suna ko walimar sauka a cikinmu, ya ware aƙalla rabin kuɗin abin sha ya ba wata mai sana'a a unguwarsu. Ya ba ta da wuri, ya biya kuɗin sababbin robobi da ruwa mai kyau da ƙanƙara mai tsafta, kada ya taya. Kuma a ajiye shi a teburin manyan baƙi, gaban waliyyai da dangin ango. Idan aka kai bayan gida ba a yi komai ba. Iyayenmu mata masu karɓar lefe da kai gara, ku ne masu kafa doka a wannan fage, abin da kuka ce ya isa fita kunya shi ne ya isa. Masu ɗakunan taro da masu girkin biki, ku sa zoɓo da kunun aya cikin jerin abin da kuke nuna wa mai biki, kada ku jira sai ya tambaya da rawar murya.

Ku kuma 'yan uwanmu masu sana'ar, amana ce a hannunku. Ku rabu da robar tsintuwa ko da ribar za ta ragu na ɗan lokaci. Ku tafasa ruwa, ku daina kala, ku liƙa takarda mai sunan sana'arku da ranar da aka yi. Mata biyar ko goma da ke zubin adashi za su iya haɗa kwasa biyu su sayi firiza mai aiki da sola, su yi amfani da ita tare. Wadda sana'arta ta kankama ta nemi rajistar NAFDAC, domin manyan kantuna ba sa karɓar kaya babu lamba. Masu hannu da shuni da gwamnatocin Jigawa da Kano kuwa, kafin ku sake tara mu a otal kuna jawabin bunƙasa noma da lemon gwangwani a gabanku, ku duba abin da aka ajiye muku a tebur. Injin gasa abin sha da ɗura shi a kwali ba sihiri ba ne, ana sayar da shi, kuma zoɓon ba sai an yi odarsa da dala ba.

Mun san akwai mai cewa kuɗinsa ne, bakinsa ne, ba mai tilasta masa. Gaskiya ne, mu ma muna shan lemo, kuma ba mu ce haramun ne ba. Wanda ya sha don yana so, ya sha lafiya. Wanda muke magana da shi shi ne mai cin bashi ya sayi abin da shi kansa bai fi so ba, don kawai kada a ce. Wannan tsoron "kada a ce" shi ne ke ɗauke kasuwa daga hannun manomin Maigatari da matar da ke bayan katangarmu.

Af, mun manta ba mu ƙarasa labarin walima ba. Da rana ta take, lemon ya huce saboda ba a samu ƙanƙarar da ta ishe shi ba. Sai ga wani dattijo daga dangin ango, cikin manyan mutanen da ake jin kunya, ya hango yaro da kofi ja a hannu. Ya kira shi ya tambaye shi inda ya samo. Kafin la'asar an dawo da kulolin Gwaggo soro, har ana kankare ƙasan ta biyu da moɗa. Katan bakwai na lemo suka rage, kuma har yanzu ba a gama biyan mai kanti ba.

Muna jiran ra'ayoyinku, musamman masu sana'ar zoɓo da kunu da ke cikinmu: ku faɗa mana abin da ya fi ci muku tuwo a ƙwarya, wuta ce, roba ce, ko mu masu saye. Masu ganin mun yi kuskure su ma bismillah, a yi muhawara cikin mutunci. Allah ya sa albarka a abin da ƙasarmu ke fitarwa, ya ba mu ikon ganin darajarsa. Sai mako mai zuwa idan mai kowa ya kai mu.